Zaman Makokin Madam

Amurka, 9 ga Maris 2019

Habsu ƙanwata,

Ina gaishe ki da mai gidanki da yara. Yaya garinmu Gure, yaya lambu? Har yau ban huce ba, kun binne Inna sai bayan wata kuka faɗa mini, wai kada hankalina ya tashi.

Lafiyata lau, ban da gwiwa da rashin barci. Madam da nake tura wa keken guragu ta rasu, tsohuwar 'yar wasan nan da ta yi tashe a dandali da silima tun zamanin hoto baƙi da fari. Duk lakwal ɗin da na yi, karatun bokon nan, ƙarshenta karanta mata tsofaffin wasanninta, tana gyara mini murya.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofarta, na sayo dabino, ina jiran masu gaisuwa. Matar da dubbai suka tafa wa! Mai raba wasiƙu kaɗai ya tsaya, ya tambaye ni nawa nake sayar da dabinon.

Na kasa zama, na kasa tafiya. Ki tambayi Burahima da ke riƙe da gidanmu ko ɗakina yana nan. Allah ya raya yaran.

Na zauna makokin baƙuwa, Habsu. Na Inna ya wuce ni.

Yayanki,
Tukur