Saura Muryar Baba

Munawwara,

Na tafi Karaye neman wayar sauti, ban iya jiran ki dawo daga islamiyya ba.

Majigin da na aro a makarantarmu don in nuna wa Inna hotunan Baba ya ƙi kwamfutata. Tsohon yayi ne, bakin wayarta ko shiga ba ya yi. Sai na jawo tsohuwar na'urar bidiyon Baba daga ƙarƙashin gado. Wayarta mai kai ruwan ɗorawa ta shige daram, kamar tare aka saye su.

Na sa kasetin dawowarsa daga Makka. Munawwara, sai ga Baba a bangon zaure da tsayinsa, yana raba dabino a ƙofar gidanmu na garin Turawa. Har ke kin fito, goye a bayan Inna.

Sai dai babu magana. Ɓera ya cinye wayar sauti, fara da ja.

Kada ki cire komai. Kuma don Allah kada ki kunna wa Inna sai na dawo. Shekara tara rabonta da muryarsa, ba na so ta ga bakinsa yana motsi ba ta ji komai ba.

Yayanki,
Awaisu