Takardun Fundi Bakar

Talata, 10 ga Yuni, 2025
Wata mata ta turo mini saƙon murya da Larabci, daga wata irin lamba da ban taɓa gani ba. Sunanta Fatimatuzzahra, daga tsibiran Komoro. Sai da na duba taswira a waya: 'yan ɗigo-ɗigo ne a teku, tsakanin Mozambik da Madagaska. Wani ɗalibin Jigawa a Madina ne ya samo mata lambata. Tana neman iyalan Malam Iliyasu na Gwaram. Na ce ni ne Khuzaima, babban ɗansa, Malam ya rasu bara. Ta yi ta'aziyya. Sannan ta ce mahaifinta, Fundi Bakar, wato Malam Bakar a harshensu, ya bar wa Malam amanar wasu takardu a Makka a 1978.

Na ce mata, "In sha Allahu za a duba." Za a duba! Kai, Khuzaima.

Laraba, 11 ga Yuni
Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni. Bayan rasuwar Malam ni na tsaya kan rabon littattafansa, don ni ne mai digirin Larabci, ni ne shugaban Islamiyya a Birnin Kudu, kowa ya sakar mini. A ƙasan akwati na tarar da ƙunshi cikin koren ƙyalle. Baƙaƙen Larabci ne, amma ba Larabci ba ne, ba kuma ajamin Hausa ba, ba Fulatanci ba. Ga wasu zane-zane huɗu da sunaye kewaye da su. Nan take na ce hatimi ne, tsubbu ne. Kunya ta kama ni, na ce kada ƙannena su gani, kada gari ya ji a ce Malam yana taɓa irin wannan. Na zaga bayan gida, na karanta Falaƙi da Nasi, na cinna musu wuta. Tokar na watsa a rafi.

Zanen nan huɗu tsibirai ne. Jiya na gan su a taswira.

Asabar, 14 ga Yuni
Ta sake turowa, dogo. Ta ce Faransa ce ta mulke su, suka karɓi 'yanci ranar 6 ga Yulin 1975, tsibiri ɗaya ya tsaya wurin Faransa har yau. Ba a yi wata guda ba aka yi juyin mulki. Gwamnatin da ta biyo baya ta ba samari wuƙa da nama, suna tsangwamar malamai da dattawa, aka cinna wa tsofaffin takardun hukuma wuta. Mahaifinta magatakardan alƙali ne a garinsu. Ya gudu Makka, suka zauna ɗaki ɗaya da Malam, can ya rubuta duk abin da ya haddace da harshensu: asalin gidajen garin, zuriyar kowace uwa, da sunayen waɗanda aka kama ba su dawo ba. Da zai koma gida ya ji tsoron a kama shi da su, ya ba Malam. Juyin mulki ya yi ta bin juyin mulki, daga baya wasiƙa ta yanke, shi kuma ya rasu. Bana ne ta tsinci adireshin Gwaram cikin kayansa.

Wato mutumin nan wuta ya gudar wa da su, ya tsallake teku, suka zo har Gwaram na ƙarasa aikin.

Litinin, 16 ga Yuni
Na ce mata littattafan suna da yawa, ana kan dubawa.

Alhamis, 19 ga Yuni
Ba makaranta yau, na hau bas zuwa Gwaram. Gero ya fito kore shar a hanya, ni ko kallon kirki ban yi masa ba. Na tarar da mahaifiyata Inna Hajjo tana ɓarar gyaɗar iri. Na ɗan zagaya, na ce ko ta taɓa jin wani Bakar.

Ta ce, "Mutumin tsibiri? Ai kuwa! Ƙasar da miji ke tarewa a gidan mata. Malam in ya ba ni labari sai in ce a kai ni can." Ta yi dariya har da tari. Ta ce duk shekara in damina ta wuce Malam yakan fito da ƙunshin ya shanya a inuwa, ya zuba kanumfari a ciki saboda asu. "Shi ma fa ba ya iya karantawa. Yakan ce ba a ba shi don ya karanta ba."

Sai ta dube ni. "Yana wajenka ko? Ka dinga shanya shi, Babangida."

Na ce to. Na ci tuwonta, na suɗe hannu, na ce to.

Juma'a, 20 ga Yuni
Ni na yi wa ɗalibai nasiha kan amana bayan la'asar. Wai har an yaba.

Lahadi, 22 ga Yuni
Abin da ke cina ba wutar kaɗai ba ce. Mutumin da ya koya mini alifun ba'un, ya yi shekara hamsin yana karantarwa a zaure, shi na yi wa mummunan zato cikin minti biyar. Kuma Inna tana ɗaki lokacin, taku goma tsakaninmu. Da na ɗaga ƙunshin na ce "Inna, mene ne wannan?" shi ke nan. Amma ina! Mai digiri zai tambayi tsohuwar da ko izu biyar ba ta kai ba?

Laraba, 25 ga Yuni
Fatimatuzzahra ta ce garinsu zai yi taro ranar cika shekara hamsin da 'yanci, ta riga ta faɗa wa dattawa an gano iyalan mai amanar. Mahaifiyarta na da rai, ta haura tamanin. Ƙanen tsohuwar yana cikin waɗanda aka kama, kuma Fundi Bakar ya taɓa ce mata ya rubuta inda aka binne shi, amma bai yarda ya furta da baki ba. Ko hoton shafin nan kaɗai a turo musu, in ji Fatimatuzzahra.

Shaiɗan ya kawo mini mafita har uku: gara ta cinye, ruwan bara ya shiga ɗakin, ko wani ɗalibi ya ara bai dawo da shi ba. Ta garar ta fi kama hankali. Sai dai duk wadda na ɗauka, Malam ne zai zama mai sakaci.

Asabar, 28 ga Yuni
Na koma Gwaram na faɗa wa Inna. Ban yi kwana-kwana ba.

"Tsubbu," ta ce. "Malam ɗin?"

Sai ta ci gaba:

"Da ɓata suka yi da na ce ƙaddara. Allah Ya shirye ka, Khuzaima."

Tunda aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ɗan fari ne ni. Yau ta kama.

Litinin, 30 ga Yuni
Na tura wa Fatimatuzzahra saƙon murya. Sau shida ina ɗauka ina gogewa, don kowane karo sai in ji na cusa uzuri. A na bakwai na ce: mahaifina ya riƙe amanar shekara arba'in da shida, ko shafi ɗaya bai ɓata ba, ni na ƙone ta da hannuna saboda na kasa karantawa kuma na ƙi tambaya. Na gaya mata har ƙaryar da na yi ta yi mata kwana ashirin.

Ta saurara. Ba amsa.

Alhamis, 3 ga Yuli
Shiru.

Lahadi, 6 ga Yuli
Yau ne taronsu. Da hantsi saƙo ya shigo, ba muryarta ba ce, ta wata tsohuwa ce, da alama mahaifiyarta, ana jin hayaniyar mutane a bayanta. Ban fahimci harshen ba sai addu'ar da ke ciki. Ta yi wa Fundi Bakar, ta yi wa wani Yusufu, ina jin ƙanen nata ne. Sannan ta ce "Iliyasu Gwaram" sau uku, jama'a suna amsawa da amin.

Na saurara sau huɗu ina neman sunana, ko da a cikin tsinuwa ne. Babu.

Da na so in rubuta mata in tambaya ko sun yafe. Na fara, na goge. Ba yau ba, kuma ba ni ke da ikon sa musu rana ba. Gobe in an tashi makaranta zan kai wa Inna ta ji, in ta yarda ta karɓi wayar daga hannuna.