Shanun Bello a gonar gerona

Daren Laraba, watan Sha'aban, Roni

Ƙafafuna sun kumbura. Tun asuba na kama hanyar Kazaure wurin Malam Sule, don in ji abin da shari'a ta ce kafin jibi mu tsaya gaban alƙali, ni da Bello, makiyayin da shanunsa suka cinye min rabin gero.

Sai da Malam ya sallami ɗalibai sannan ya buɗe gafaka, ya yi ta juya takardu, yana bin layi da yatsa yana fassara min. Ɓarnar dare tana kan mai dabba. Ta rana kuwa sai na kawo shaidar cewa makiyayi ya yi sakaci.

"To, yaushe suka shiga?" in ji shi.

"Allah gafarta Malam, da hantsi ne."

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai."

Ya ce mai ƙara ba ya zama shaidar kansa. In babu shaida, Bello zai rantse ya tafi abinsa.

Da na dawo na gaya wa Yaya Audu. Ya ce in ce da dare ne kawai, shi da maƙwabcinsa za su tsaya min. Na kalli rumbu, na kalli yara suna cin tuwo. Wallahi zuciyata ta so.

Amma ba zan sa yayana shaidar zur a kan gero ba. Gobe zan je rugar su Bello da kaina, ko Ardonsu zai sasanta mu. Abin da suka ba ni, shi zan kai rumbu.