Hajiya, Gobe Za a Goge Motar

Zuwa ga Hajiya Memuna, uwargidana, mai waache (shinkafa da wake) ta bakin titin Aboabo, wadda ta riga mu amsa kira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinki, da fatan makwancinki ya yalwata ya yi haske, ni mijinki Alhaji Issaka, marubucin da jama'ar Zangon Kumasi suka daɗe suna haƙuri da shi, ina neman izinin gabatar miki da rahoto a kan wani lamari mai girma. Na san masu karanta shafina suna leƙe ta bayana. Su leƙa. Ba da su nake ba.

Lamarin shi ne: gobe Asabar, da hantsi, za a goge motar.

Kada ki ce "to, sai me?" kamar yadda kika saba ce wa duk bala'in da na kawo gabanki. Ba wanki nake nufi ba. Wani mutum ne zai zo daga Magazin ta Suame, unguwar makanikai, da inji mai faifan soso mai juyawa, ya bi jikin baƙar motarmu tun daga bonet har but, ya cire kewaye-kewayen nan da ke cikin fentinta, waɗanda na yi shekaru ina kai ƙararki gaban al'umma a kansu.

Saboda masu karatun da suka zo daga baya, ki yi haƙuri in maimaita tuhumar. Fentin mota yana da wani siririn rufi mai sheƙi a samansa, wanda ba ya ɗaukar wargi. In aka shafe shi da tsumma mai ƙwayar yashi, sai a bar masa ƙarce sirara da yatsa ba ya ji, inuwa kuma ba ta nunawa. Amma da rana ta doki motar sai su tashi, da'ira cikin da'ira, kamar an ba gizo-gizo kwangilar saƙa a kanta. Baƙar mota kuwa ba ta iya rufa wa kowa asiri.

Ke kuma, a iya binciken da na gudanar, ke ce babbar masana'antar wannan ƙarce a ƙasar Ashanti baki ɗaya.

Kowace safiya, kafin in kai ki rumfa da tukwanen waache a but, sai ki fito da bokitin da kika gama wanke tire, da yagen tsohon zanen nan mai ruwan ɗorawa, ki kama motar da hannun hagu kina mulmula ta kamar gindin tukunya. Kina kewayawa kina salati. In tsumman ya faɗi ƙasa ki ɗauka, ki kaɗe shi a cinya, ki ci gaba. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa da kofin koko, zuciyata tana ƙarcewa tare da fentin.

Na yi miki lacca. Na ce a miƙe ake shafa mota, ba a kewaye ba, kuma da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Kika ce: "Alaji, mota ne ko jariri? Ba za ka kai ni cikin datti ba, mutane su ce mijin mai abinci ƙazami ne." Na je har Adum na sayo tawul na musamman mai laushi. Kika shafa shi a kumatu, kika ce wannan ya fi ƙarfin mota, kika ninke shi kika sa a kabad tare da farantan baƙi.

Da gyara ya gagara sai na koma ɓoyewa. Na sayi kakin gwangwani, irin wanda ke cike ƙarcen ya rufe shi. Motar takan yi kyau har zuwa ruwan sama na gaba, kuma kin san Kumasi ba ta rowar ruwa. In mun je suna ko ɗaurin aure, sai in yi ta zagaya unguwa ina neman gindin bishiya, ke kina cewa in tsaya ki sauka tun jaririn bai yi gemu ba. Daga ƙarshe na ɗauki alƙalami na rubuta jerin maƙaloli masu nauyi a kan abin da na kira Annobar Kewaye. 'Yarmu Adiza ta karanta miki. Kika yi dariya har ɗankwali ya zame, kika ce: "Ka ƙara musu da inda mai laifin yake zama, su zo su sayi abinci."

To, Hajiya, ga abin da ya faru bayanki.

Ɗanmu Sule ya zo daga Jamus don addu'ar arba'in, bai koma ba tukuna. Bai sami jana'izarki ba, kuma abin yana cin sa. Kin san ɗanki: ba ya kuka, gyara yake yi. Ya gyara famfo. Ya canza ƙofar kicin ɗin nan mai ƙara, wadda da ita nake sanin kin tashi. Ya sa an yi wa ɗakinki fenti, har da wurin da bango ya yi duhu inda kike jingina kai. 'Yan'uwanki mata sun raba zannuwa da mayafai kamar yadda aka saba. Tukwane da kayan kabad sun tafi Asokore Mampong wurin Adiza. Kowa ya yi abin da ya dace, ban sami wanda zan yi wa faɗa ba. Na dai wayi gari na ga gidan tsaf, babu inda zan nuna in ce nan kika taɓa.

Sai ranar Juma'ar da ta wuce, na dawo daga masallaci rana tsaka, na tarar da motar a ƙofar gida, kewaye-kewayen sun tashi gaba ɗaya. Na tsaya. Na ga abin da ban taɓa gani ba a duk tsawon bincikena. A ƙofofi sun yi yawa. A bonet sun fi kauri ta gefen da kike farawa. A rufin motar kuwa sun tsaya cak daidai inda hannunki ke kaiwa in kin yi ɗage. Tsakiyar rufin sumul take, ba ki taɓa isa can ba. Tsawonki ne a jikin motar, Hajiya. Ba ki bar mini ko layi ɗaya na rubutu ba, hoto ma ba kya tsayawa sai kin rufe baki da mayafi. Wannan ne kawai ya rage da hannunki ya yi, ya kuma zauna.

Ina nan tsaye Sule ya fito, ya ga ina kallon fentin, ya fahimci abin a baibai. Ya ce: "Baaba, na karanta duk abin da ka rubuta kan motan nan. Ya daɗe yana damun ka. Bar mini, zan gama da shi kraa, gaba ɗaya." Fuskarsa ta yi haske, karo na farko tun da ya sauka daga jirgi. Ashe ya riga ya yi magana da wani Masta Kofi, gwanin gyaran fenti.

Masta Kofi ya zo gwaji a tsakiyar mako. Mutumin kirki ne, ya gaishe ni da hannu biyu. Ya manna tef a murfin but, ya keɓe wuri kamar faɗin faranti, injin ya yi kuka, ya share. Ya bayyana mana cewa injinsa ba cike ƙarce yake yi ba, aske siririn rufin fentin yake har ya daidaita da gindin ƙarcen, abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Sannan ya ja da baya ya ce: "Alaji, duba! Kaman madubi paa." Na sunkuya na duba. Na ga wani tsoho da hula a karkace, fes, shi kaɗai. Na ce aiki ya yi kyau. Me zan ce? Ya yi kyau.

Tun daga ranar nake cikin gwagwarmaya, kuma ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa an ci ni a kowane fage. Na ɓoye makullin motar. Sule ya tuna mini cewa bayanta za a goge, ba cikinta ba. Na ce za a iya ɗauke wuta ana tsakiyar aiki; ya ce Masta yana da janareta. Na kai maganar majalisar benci ta ƙofar masallaci, na tambayi Malam Seidu ko akwai wani abin ƙi a goge mota ranar Asabar. Sai ya tambaye ni ko ina shan maganin hawan jinina a kan lokaci.

Abin da ya rage magana ce guda, gajeriya: Sule, bar shi, hannun uwarka ne. Ni da na cika shafuka a kan toshewar kwata da ƙanƙancewar ƙosai, wannan ta gagare ni faɗa. Kin san yadda aka rene mu. Namiji ba ya duban ɗansa ya ce yana kewar matarsa. Ko sunanki ban taɓa kira a gabansa ba. Ina tsoron muryata ta karye. Ina tsoron in ƙwace masa abu ɗaya da ya samu zai yi mini bayan bai sami ɗaukar makararki ba. Ina kuma tsoron in yi shiru, da azahar in tarar da mota mai sheƙi wadda ba ta san ki ba.

Masu karatu za su ce ai Sule zai ga wannan wasiƙa. Ba zai gani ba. Shafina sai yana Jamus yake buɗewa, in kewar gida ta kama shi; a nan yana da marubucin da kansa a tsakar gida, ya ishe shi. Kuma ina roƙon kada wani mai son lada ya tura masa. Ba a aika wa ɗa saƙon ubansa ta hannun jama'a.

Memuna. Da kina nan da ba a kai ga haka ba. Shekara da shekaru ina surutu a waje, ke kina fassara ni a gida. In na yi faɗa ki ce wa yara damuwa ce, in na yi shiru ki ce musu abin da shirun ke nufi. Yanzu ga ni da ɗanki a gida ɗaya, muna kewar mutum ɗaya, shi da guduma, ni da alƙalami, babu tafinta.

Ga shawarar da na yanke. Gobe in mun dawo daga sallar asuba ba zan shiga ɗaki ba. Zan ce wa Sule ya zauna tare da ni a gaban motar mu jira rana ta ɗaga. Zan kama hannunsa in ɗora a gefen rufin motar, inda kewayen suka tsaya. In maganar ta fito, alhamdu lillahi. In ta ƙi, zan bar hannuna a kan nasa har ya gane. Masta Kofi kuma a ba shi abin karin kumallo, a sallame shi da mutunci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Allah Ya riƙe mini muryata gobe, ko Ya bar ta ta karye in hakan ya fi. Ya sa kada yaron nan ya ji kamar na mayar masa da kyautarsa. Amin.

Mijinki, wanda har yanzu bai san ko zai iya ba,
Alhaji Issaka
Aboabo, Kumasi