Ƙafar Fadi

Bande, 6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Na'ima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya sanyin Faransa, ya karatu? Mu nan lafiya lau, an fara yankan gero. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Na ga bidiyon da kika aiko a salular ƙanenki. Sau uku na sa ya maimaita mini. Ɗan farin abu kamar ƙwayar gero a cikin jan ruwa, wai shi ne guringuntsin da kika raina a labo, ɗakin bincikenku, wata biyu, kina jiran ki ga yadda zai rikiɗe ya zama ƙashi. Na ji daɗi, amma na ji haushi. Shekara arba'in ina ɗori a garin nan. Tun ina saurayi kakanki ya ɗora babban yatsana a kan karaya ta kwana goma sha huɗu, ya ce in ji abu mai danƙo da ke haɗa bakin ƙashi kafin ya yi tauri. Yanzu ga farfesanki da farar riga yana faɗin haka cikin faransanci kamar shi ya tono. Ki gaya masa akwai wani Sule a Bande da bai taɓa shiga lakwal ba sai ajin yaƙi da jahilci.

Ga gudummawata. Kin san al'adar gidanmu: duk wanda na ɗora, sai ya kawo kaza in karya ƙafarta in ɗaure tare da tasa, ranar da ta taka shi ma ya gwada. In an yanka kazar ina ajiye ƙashin. Na zaɓo goma sha biyu, na ɗaura wa kowanne takarda da sunan mai shi da kwanakin da ya yi, don ki tsaga ki duba. Suna cikin gwangwanin madara. Ari direba zai kai Damagaram wajen ƙawarki da za ta taso zuwa Faransa.

Jiya da yamma wani Hamman, makiyayi daga wajen Mallawa, ya kawo matarsa Fadi, saniya ta harbe ta a ƙwauri. Na ɗaure da karan dawa. Ƙafar tana kumbura, jibi zan sassauta.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Sule Maɗori

Bande, 15 ga Oktoba

'Yata Na'ima,

Ina gaishe ki, ina fatan lafiyarki ƙalau. Ni jikina lafiya, amma raina a ɓace yake.

Gwangwanin bai iso ba. A tashar Magariya ana ɗora kaya ya faɗo daga saman mota, murfin ya buɗe, ƙasusuwa suka watse gaban jama'a. Wani mai karambani ya tsinci takarda ya karanta da ƙarfi, sunan Illa mai gyaran moto ne, kuma Illa yana tsaye a wurin yana shan shayi. Bidiyonki kuwa dama ƙanenki, don alfahari, ya tura wa rabin kasuwa. Sai aka haɗa biyu. Kafin la'asar labari ya iso Bande: wai ina gutsurar ƙashin mutane in ina ɗori, ina aika miki, ke kuma kina shuka su a kwalba kina sayar wa Nasara.

Ƙashin kaza, Na'ima! Mutanen da ba su da aiki sai gwaguyar ƙafar kaza a bakin tasha, su ne suka kasa gane ta. Illa da kansa ya zo ƙofar gidana yana shafa ƙwaurinsa, wai tun bara yake jin wurin ya rage. Da ƙafar da na ɗora masa ya tako, da ita ya koma. Na ce ya je Magariya a ɗauki hoton ƙashin a ƙirga, ya ce ai ni da likitoci yanzu bakinmu ɗaya tunda 'yata tasu ce.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni cin abinci Fadi ce. Ranar da zan sassauta mata ɗaurin na tarar da ɗakin baƙi wayam. Hamman ya ji zancen, ya ɗora ta a amalanke, suka koma rugarsu da ɗaurin yadda yake. Na hau moto na bi su har bayan Mallawa. 'Yan'uwansa suka tare ni da sanduna nesa da bukka. Na roƙe su don Allah, in ba su yarda da ni ba, su kwance da kansu, ko su kai ta asibiti wajen majo, babban malamin jinya. Suka ce kowa ya sani, hannun da ya ɗaure shi ke kwancewa, in wani ya taɓa ƙashi ba ya kamawa.

Ka'idarmu ce, kakanki ya kafa ta don kada masu jinya su riƙa wasa da ɗauri. Ni na yi shekara arba'in ina tsorata mutane da ita. Yau sun yarda da ka'idata ɗari bisa ɗari, ni ne ba su yarda da ni ba. Ina tsaye a rana ina jin nishinta daga cikin bukka.

Na kai magana wajen mai gari, ya ce zai aika. Ki yi addu'a.

Mahaifinki, Sule

Bande, 2 ga Nuwamba

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonki, na ji kukan da kika yi. Ki daina cewa laifinki ne, kuma kada in sake jin zancen barin karatu. Kin raini ɗan guringuntsi a kwano, ba ki cuci kowa ba. Ni ne na rubuta sunayen mutane a kan ƙashi na ba direba, tsoho da ni.

Kwana goma sha ɗaya ɗaurin ya yi. Sai da yatsun suka yi baƙi, wari ya cika bukkar, sannan uwar Fadi ta ɗauki wuƙa ta yanke tsumman da hannunta, tana zagin mazan gidan ɗaya bayan ɗaya. Aka kai ta Magariya, aka wuce da ita Damagaram. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Karaya ce mai sauƙi, Na'ima, irin wadda nake ɗorawa ina hira. Da yanzu ta fara dogara sanda.

Kin san abin da ake cewa a kasuwa? Wai ga shi nan, an ce ɗan gutsure yake ɗauka, wannan karon ƙafa guda ya aika wa 'yarsa. Masu faɗin haka ko ƙofar asibitin ba su leƙa ba. Ban taɓa jin ina son in mari mutum a masallaci ba sai Juma'ar da ta wuce.

Na je Damagaram duba ta. Hamman ya gan ni ya sunkuyar da kai ya fita. Fadi ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali. Sannan ta ce ta ji ana cewa 'yata tana shuka ƙashi a ƙasar Turawa, shin gaskiya ne? Ba da zargi ta tambaya ba. Idonta na kan wurin da bargo ya kwanta shafal.

Na ce zan tambaye ki. To ga shi na tambaya. Na san na yi wa farfesanki ba'a, ki ba shi haƙuri, ki kai masa tambayar nan da girmamawa. In ƙwayar nan taki tana zama ƙashi, shekara nawa kafin ta kai tsawon ƙwauri? Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage don ki faranta mini. Fadi shekararta ashirin da uku, ta ce za ta iya jira.

Innarki tana gaishe ki. Allah ya tsare.
Mahaifinki, Sule