Kwalbar da Aka Zuba wa Dabino

Zuwa ga yayata, Dakta Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina neman afuwar masu karanta wannan wasiƙa. Na san ba a yi wa mamaci faɗa, amma ni yau faɗa na zo yi miki.

Yaya, me ya hana ki gaya wa mutanen gidanmu abin da kike yi? Duk wanda ya tambayi aikinki a jami'a, sai ki yi 'yar dariyar nan taki ki ce, "Roba nake haɗawa." Kawu Sule ya yi ta tsokanarki, wai ki yo masa buta da bokiti, ke kuma kina biye masa. A wurinki kawaici ne, ba kya son a ce kina nuna boko a gaban manya.

Ni ma sai da na matsa miki kika yi mini bayani. Kika ce a cikin kowace waya akwai ƙananan makunnai da ake kira tiransisto, kuma da abu mai tauri kamar gilashi ake yin su. Naki kuwa na roba ne mai lanƙwasuwa, wanda wata rana za a iya manna wa jariri a ƙirji kamar filasta, ya riƙa auna bugun zuciyarsa. Matsalar tana shimfiɗar tsakiya, wadda ke hana wuta zurarewa. In ta yi kauri sai abin ya ci batir, in ta yi siriri sai wuta ta ɓulle.

Shekaru kina fama, sannan kika faɗa kan ƙaro. Ƙaron nan dai na masu wankin hula. Kika tace shi, kika haɗa shi da wani sinadari, kika shafa shi siriri fiye da ɓawon albasa. Ranar da ya fara riƙe wuta, rawa kika taka a kicin, ke da ko a biki ba kya tashi. Kin ce danshi kaɗai yake tsoro, shi ya sa kike rufe gwaje-gwajen a wata kwalba mai kauri wadda iska ba ta shiga.

Da aka shiga yajin aiki kika kwaso su zuwa ɗakin baya na kusa da gareji, saboda gidan Baba akwai sola. Ko a ƙofa ba ki rubuta kada a taɓa ba.

Sai ciwo ya zo, ya tafi da ke cikin damina. Gida ya cika, motoci har bakin titi. Ni ina ɗakin Mama, ba na iya barin ta. Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ita ta riƙe hidimar makoki, kuma tana neman inda za ta sauke baƙin Gumel. Ta buɗe ɗakin baya. Wallahi sai da ta tambaya, Yaya. Kowa ya ba ta amsa ɗaya: robobin marigayiya ne. Aka share, 'yan jari-bola suka kwashe. Kwalbar kuwa ta burge ta, ta sa aka wanke ta tas, aka cika da dabino, aka ajiye a falo.

To wa zan yi wa fushi? Gwaggo? Amsar da kika koya musu ita suka maimaita mata. Yayanmu Kabiru kwas na 'yan makonni ya je, har masu gadin layinmu sun san sunan takardar da ya samo. Ke kika raina aikinki da bakinki, kika bar mu da takaici. Ina jin haushinki, kuma ba zan ɓoye ba.

Bayan sadakar bakwai Safiya ta zo, ɗalibarki, wadda digirinta na uku ya rataya kan gwaje-gwajen nan, kuma wa'adin da jami'a ta ba ta bana zai ƙare. Ta zo da safar hannu da ɗan akwati mai soso a ciki don ta ɗauki gwaje-gwajen. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, tana ɗago kai ta ga kwalbar. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba.

Gwaggo ta buɗe murfin ta miƙa mata. "Ɗauki mana, 'yar nan, sadakar malamarki ce."

Ta ɗauki ɗaya, Yaya. Ta ci, ta yi miki addu'a.

Da na raka ta bakin get na ce ai sai ta sake haɗa wasu. Ta ce da ni, "Anti, ma'aunin ƙaron ita kaɗai ta sani. Cewa ta yi kada ta cika baki, sai an auna an tabbatar sannan za ta koya mini." Ta miƙa mini akwatin, wai naki ne. Yanzu ta koma koyarwa a wata sakandare a Gama, kuma ta ce in daina kiran ta a kan maganar.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya rubuta miki ladan abin da kika yi niyya ko da bai kai ga jariran ba. Allah ya buɗa wa Safiya wata ƙofa. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu in na wuce ɗakin baya sunanki nake kira da faɗa.

Ƙanwarki da ba ta huce ba,
Hauwa