Ni ce nake zuba masa suga a koko

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya isa.

Ni matar aure ce a unguwar Nima, mijina direban trotro ne, wato bas ɗin haya. Da na aure shi siriri ne kamar tsinke, uwarsa kuwa ba ta shigowa ta fita ba ta yaɓa min magana ba: "Wai ke ba kya girki ne? Dubi wuyan ɗana!" Sai na ɗaura ɗamara. Shinkafa da wake da safe, tuwo da miya tana iyo a manja, shayi da madarar gwangwani. Ya ajiye tumbi, matan gidan hayarmu suka ce na iya riƙon miji. Wallahi na ji daɗi.

Bara ƙishirwa da yawan fitsari suka dame shi. Likita ya ce ciwon suga ne, ƙibar nan tana da hannu a ciki, ya rage jiki ya bar zaƙi. Ya bi doka, ya fara faɗawa. Kun san me unguwa ta ce? Ƙanjamau! Maƙwabciyata ta hana 'yarta shan ruwa a kofinmu. A gidan suna mata suka janye tabarma daga gefena. Uwarsa, wadda ta fara duk wannan, ta dube ni ta ce, "Me kika kwaso masa?" Ni!

Shi ne na koma ɗura masa abinci, ina zuba suga da madara a kokonsa a ɓoye, ina ce masa ƙwayar zaƙin masu ciwon suga ce daga kemis. Jikinsa ya dawo, bakin munafukai ya mutu, har gaishe ni suke yi da fara'a.

Yanzu miki ya fito masa a ƙafar da yake taka birki, ya ƙi warkewa. Likita ya ce in sugan bai sauka ba, yankewa za a yi. Da ya tambaye shi ko yana kiyaye doka, sai mijina ya nuna ni ya ce, "Tambayi wannan baiwar Allah, ta fi ni kiyayewa, Allah Ya yi mata albarka."

Na daina zubawa, amma likita sai canza magani yake, ya rasa dalilin da ya sa sugan ya hau haka. In na faɗa, aurena ya mutu. In na yi shiru fa, ƙafarsa? Jama'a, me zan yi?